Yadda Ake Cin Jarrabawar Ɗamara a Wasan Tekwando na Mutanen Koriya

Can gabashin Asiya, tsakanin ƙasar Sin da tsibiran Japan, akwai wata ƙasa da ake kira Koriya. Mutanenta suna da wani wasan faɗa wanda ake yi da hannu da ƙafa, ba sanda ba wuƙa, sunansa Tekwando. A harshensu "te" shi ne shuri, "kwon" dunƙulallen hannu, "do" kuwa hanya, watau tafarkin da mutum ke bi ya hori kansa. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan wasan nan ya lura da fararen tufafinsu da ɗamarar da kowa ke ɗaurawa a ƙugu, ta wannan fara, ta wancan shuɗiya, ta babbansu baƙa. Kowace ɗamara shaida ce ta wata jarrabawa da mai ita ya ci.

Mu da aikinmu shi ne horon malamai da shirya jarrabawa, wannan gefen ne ya fi jan hankalinmu. Jarrabawa ce wadda ba takarda ba alƙalami, ba kuwa damar leƙa littafin maƙwabci. Ɗalibi zai fito tsakar fili ƙafa ba takalmi, manya na zaune bayan tebur suna dubansa, abin da jikinsa ya koya shi kaɗai zai iya nunawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za mu bayyana abin da ake tambaya a wannan jarrabawa, da irin tishin da ake yi kafin ranarta, da abin da ke kā da ɗalibi, domin muna zaton malamanmu za su tsinci wani abu a ciki.

Asalin Wasan da Asalin Ɗamarar

Koriya ta zauna ƙarƙashin mulkin Japan daga 1910 zuwa 1945. Daf da ƙarshen mulkin nan, da kuma bayansa, waɗansu 'yan ƙasar da suka koyi wasan Karate na Japanawa da irin na Sinawa suka buɗe makarantun faɗa, kowace da sunanta da hanyarta. Ɗaya daga cikin na farko ita ce Chung Do Kwan, wadda Lee Won-kuk ya buɗe a birnin Seoul a 1944. A 1955 aka fito da sunan Tekwando don ya haɗa kansu, kuma wani janar na soja, Choi Hong Hi, shi ne ya fi kowa tsayawa a kan sunan. Daga baya hanya ta rabu biyu. Choi ya kafa ƙungiyarsa ta duniya a 1966. A 1972 aka gina babban gidan wasan a Seoul, wanda ake kira Kukkiwon, a 1973 kuma aka kafa ɗaya ƙungiyar ta duniya, wadda ke tafiya tare da shi. Hanyar Kukkiwon ita ce aka nuna a wasannin Olamfik na Seoul a 1988, ta kuma shiga jerin wasannin da ake ba lambar yabo a Sydney a 2000. Ita za mu bi a bayaninmu.

Dabarar ɗamara kuwa aro ce daga Japan. Wanda ya fito da ita cikin shekarun 1880 shi ne Kano Jigoro, mai wasan Judo, kuma abin sha'awa, malamin makaranta ne, har ya daɗe yana shugabancin babbar makarantar horon malamai ta Tokyo. Ba mamaki ke nan da tsarin ya yi kama da na ajujuwa.

Darajojin ɗalibai sunansu "gup", ana ƙirga su daga sama zuwa ƙasa. A makarantu da yawa sabon shiga yana gup na 10, in ya ci jarrabawa ya koma na 9, haka har na 1. Launukan da aka fi sani su ne fari, rawaya, kore, shuɗi da ja, ko da yake kowace makaranta tana da nata ƙari ko ragi. Bayan gup na 1 sai baƙar ɗamara, nan kuma ƙirga ta juya, daga "dan" na 1 zuwa na 9. Yaron da bai kai shekara 15 ba, ba a ba shi dan, sai wata daraja da ake kira "pum", ɗamararta rabi ja rabi baƙa. A ƙa'idar Kukkiwon tilas mutum ya shekara ɗaya a dan na 1 kafin ya nemi na 2, shekara biyu kafin na 3, shekara uku kafin na 4. Kuɗi ko sauri ba su gajarta wannan jira.

Ranar Jarrabawa

Ɗakin wasan sunansa "dojang", tufafin "dobok", malami kuma "sabom". Ɗalibai za su yi sahu, manya a gaba, ƙanana a baya. Babban ɗalibi ya ce "cariyot", kowa ya haɗa ƙafafu ya ƙame. Ya ce "kyongne", a sunkuyar da kai, gaisuwa ce irin ta mutanen ƙasar, kamar yadda yaro ke rusunawa gaban babba. Ya ce "jumbi", a buɗa ƙafa kaɗan, a dunƙule hannuwa gaban mara, an shirya ke nan.

Galibi jarrabawar kashi biyar ce. Da fari tushen wasa, watau tsayuwa da naushi da kariya da shuri. Na biyu tsararren jeri, wanda suke kira "pumse". Na uku karawa da abokin wasa. Na huɗu fasa katako. Na biyar 'yan tambayoyi da baki, kamar sunayen dabaru da ƙirga a harshen Koriya. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Tsayuwa

Mai kallo yakan ɗaga kai yana jiran ya ga ƙafa ta tashi sama. Mai jarrabawa kuwa ƙasa yake fara dubawa, ya ga inda ƙafafu suka sauka, gama in tsayuwa ta karkace duk abin da aka ɗora mata ya karkace.

Tsayuwa huɗu ne ake fara nema. Ta farko "ap sogi", kamar mutum ya yi taku ɗaya na tafiya ya tsaya, ƙafafu a miƙe, nauyi a rabe daidai. Ta biyu "ap kubi", doguwar tsayuwa: a lanƙwasa gwiwar gaba, a miƙe ƙafar baya, diddigenta na ƙasa, kashi biyu cikin uku na nauyin jiki a ƙafar gaba. Ta uku "dwit kubi", ita kuma kashi biyu cikin uku a ƙafar baya suke, ƙafar gaba tana duban gaba, ta baya tana duban gefe, gwiwoyi duka a lanƙwashe. Ta huɗu "jucum sogi", tsayuwar mahayin doki: a buɗa ƙafafu misalin tsawon tafin ƙafa biyu, a lanƙwasa gwiwoyi, gadon baya a miƙe.

Tishin tsayuwa ba shi da daɗin kallo. Malami zai ja layi da alli a ƙasa, ɗalibai su yi ta tafiya a kai cikin doguwar tsayuwa, daga wannan bango zuwa wancan, su juyo. Abin da ake so kada kai ya riƙa hawa da sauka yayin tafiya, kada kuma ƙafafu su hau layi ɗaya kamar mai tafiya a kan igiya. Wata dabara kuma, ɗalibi ya tsaya, abokinsa ya ɗan ture shi ta kafaɗa, ta gaba da ta gefe. In ya yi tangaɗi, a gyara faɗin tsayuwar a sake. Tsayuwar mahayin doki kuwa akan zauna a cikinta ana naushi bisa ƙirgar malami, "hana, dul, set, net", watau ɗaya, biyu, uku, huɗu, har goma, a sake, har cinyoyi su ɗauki rawa. Wannan rawar cinya ita ce kuɗin ɗamarar farko.

Hannu: Naushi da Kariya

Mai damben gargajiya yakan naɗe hannu ɗaya ya kai duka da shi, ɗayan ya yi garkuwa. A Tekwando hannu biyun duk aiki ɗaya suke yi. Naushi yana tashi daga ƙugu, tafin hannu na duban sama, sai daf da isa a murɗa shi ya kife. A daidai lokacin ɗaya hannun yana komowa ƙugu da ƙarfi, gama jan wannan shi ke ƙara wa wancan nauyi. Da gaɓoɓin yatsu biyu ake bugu, manuni da na tsakiya, wuyan hannu a miƙe. Wanda ya bar wuyan hannunsa ya lanƙwashe, ranar da ya naushi abu mai tauri shi zai targaɗe. Wurin da ake auna wa shi ne ƙahon zuci.

Kariya ta farko uku ce. "Are makki" tana kare ƙasan ciki: hannu ya taso daga kafaɗar ɗaya gefen ya sauko, ya tsaya sama da cinyar gaba da misalin dunƙule biyu. "Momtong makki" tana kare ƙirji: hannu ya shigo daga waje ya tsaya a tsakiyar jiki, dunƙulen daidai tsayin kafaɗa. "Olgul makki" tana kare fuska: hannu ya tashi ya tsaya sama da goshi da misalin dunƙule ɗaya. Kun ga kowace tana da mafari da matsaya, kuma da jikin ɗalibin ake auna su. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya manta da mafari, ya miƙa hannu kawai inda ya san za a tsaya. Maganinsa a raba kowace kariya biyu, a ƙirga ta farko a kai hannu mafari a tsaya, a ta biyu a sauke. Sai wannan ya zauna sa'an nan a haɗa su bugu ɗaya.

Ƙafa

Shuri shi ne abin da Tekwando ya yi suna a kai. Wanda ake fara koyo "ap cagi", shurin gaba: a ɗaga gwiwa, a miƙe ƙafa, a bugi abu da tushen yatsu, su yatsun a tanƙwashe baya. Sai "dollyo cagi", shurin kewayo, wanda ke zuwa ta gefe a buga da bayan ƙafa. Sirrinsa yana ga ƙafar da aka tsaya a kai, tilas ta juya har diddige ya kusa duban abokin gāba, in ba haka ba kwankwaso ba zai buɗe ba, gwiwa kuma ta murɗe. Sai "yop cagi", shurin gefe, da diddige da gefen tafin ƙafa. Sai "dwi cagi", shurin baya, kamar harbin jaki, ana leƙe ta kan kafaɗa.

Kowane shuri gaɓa huɗu gare shi: ɗaga gwiwa, miƙewa, janyewa, ajiyewa. Yawancin ɗalibai biyu na farko suke so. Su harba ƙafa sama, ta faɗo ƙasa tim inda ta ga dama. Mai jarrabawa yana jiran ta uku, domin ƙafar da ba a janye ba abokin gāba na iya cafke ta, wanda kuma ya faɗo tare da ƙafarsa ya rasa tsayuwarsa. Saboda haka ake dafa bango ko kujera a yi shurin a hankali, kowace gaɓa da ƙirgarta, a riƙe ƙafar a miƙe na ɗan lokaci kafin a janye. Wani tishin kuma, a ajiye kujera gefen ɗalibi ya yi shurin gefe ta samanta, ya janye ta samanta, ba tare da ya taɓa ta ba. Bayan wannan sai abokin wasa ya riƙe wani faifan fata mai mariƙi, a yi ta bugunsa, ƙararsa ke nuna ko bugun ya zauna.

Abu biyu za mu ƙara. Kowa yana da ƙafar da ta fi masa sauƙi, kuma ita yake son nunawa. Malamin kirki yakan sa a yi goma da ita, ashirin da raggwar. Sa'an nan tsayin shuri yana zuwa ne da miƙar jijiya yau da gobe, bayan jiki ya ɗumama da gudu ko tsalle. Wanda ya tsage ƙafafu da ƙarfin tsiya jiki na sanyi, jinya zai yi ranar jarrabawa. Shuri mai tsabta daidai ƙugu ya fi samun maki a kan shurin kai wanda mai shi ke tangaɗi.

Pumse

Pumse jeri ne na motsi wanda aka tsara tun da daɗewa, ɗalibi ya yi shi shi kaɗai, kamar yana faɗa da abokan gāba waɗanda ba a gani, suna zuwa masa ta dama da hagu da gaba da baya. Na masu ɗamara mai launi takwas ne, sunansu "Teguk", sunan alamar nan mai ja da shuɗi da ke tsakiyar tutar Koriya ta Kudu. Kowane ɗaya an danganta shi da wani abu na halitta: na 1 sama, na 2 tafki, na 3 wuta, na 4 tsawa, na 5 iska, na 6 ruwa, na 7 dutse, na 8 ƙasa. Dukansu bisa zane ɗaya ake tafiya, layi uku a gicciye da layi ɗaya da ya ratsa su ta tsakiya.

Mu ɗauki na farko, Teguk Il Jang, mai motsi 18. Daga tsayuwar shiri ɗalibi ya juya hagu ya kare ƙasa, ya yi taku ya kai naushi. Ya juya dama ya yi haka. Ya fuskanci gaba cikin doguwar tsayuwa, kariyar ƙasa da naushi. A layi na biyu, dama da hagu, kariyar ƙirji da naushi. Ya sake matsawa gaba. A layi na uku kariyar fuska, shurin gaba, naushi, hagu da dama. Sa'an nan ya juyo ya nufi inda ya taso, kariyar ƙasa, taku, naushi na ƙarshe tare da tsawa mai fitowa daga ciki, wadda suke kira "kihap". Ku lura, a wasan da ya shahara da shuri, cikin motsi 18 na darasin farko shuri biyu ne kacal, kuma mafi sauƙinsu. Tsayuwar baya sai a jeri na 3 take fitowa, shurin gefe a na 4, shurin kewayo a na 6, shurin tsalle kuwa sai a na 8. Da rarrafe yaro kan tashi.

Hardace jerin ba wuya, yaro mai kaifin kai zai riƙe shi cikin mako guda. Wahalar ita ce a tabbata jikin ne ya riƙe. Ɗalibi da yawa ba su san jerin ba, bangon ɗakinsu suka sani: taga tana hagu, ƙofa tana dama. Ranar da aka kai su wani ɗaki sai su rikice. Don haka akan juya su su fuskanci wani bango dabam, ko kusurwa, su yi. Akan sa su rufe ido. Akan ce su fara daga motsi na 7 ko na 13. Akan ajiye kwabo inda suka fara, domin wanda takunsa ya yi daidai a kan kwabon zai ƙare. Akan kuma sa kowa ya yi shi kaɗai, gama a cikin taro mai rauni yana satar kallon na kusa da shi, shi kansa bai san yana yi ba. Wannan ciwo mun san shi sarai a ajujuwanmu, inda yara talatin ke rera jadawalin lissafi baki ɗaya, a ta da ɗaya a tambaye shi bakwai sau takwas ya yi shiru.

Mai jarrabawa yana duban ido ya riga jiki juyawa, hannu da ƙafa su sauka tare, numfashi ya fita tare da bugu. In ɗalibi ya yi kuskure, abin da ya fi masa shi ne ya ci gaba ba tare da ya ɓata fuska ko ya sosa kai ba. Kuma ba a yar da jerin baya don an wuce shi. Mai neman baƙar ɗamara akan sa shi ya yi na 8, a kuma zaɓar masa wani daga cikin na baya, bai san wanne ba sai ranar.

Karawa

Ƙananan ɗalibai sukan fara da karawar taku ɗaya. Mutum biyu su fuskanci juna, ɗaya ya yi taku ya kai naushi guda, ɗayan ya kauce ko ya kare, ya mai da martani, ya tsai da bugunsa daf da jikin abokinsa bai taɓa ba. Nan ake koyon auna tazara. Manya kuwa sukan sa sulke a ƙirji, da hular kariya, da abin kare haƙora da ƙwauri da hannu, su kara sosai. Wannan shi ne "kyorugi". An hana naushi a fuska, an hana bugu ƙasa da ƙugu. A wasannin Olamfik na Paris a 2024, naushi a ƙirji maki 1 ne, shuri a ƙirji 2, shuri a kai 3, in da juyi aka yi shi na ƙirji 4, na kai 5.

Amma karawar jarrabawa dabam take da ta gasa. Ba lalle ne wanda ya fi bugu ya fi maki ba. Ana duban ko ɗalibi yana amfani da ƙafa biyu, ko yana haɗa shuri da shuri, ko yana kare kansa, ko in an buge shi yana rufe ido ya juya baya, ko kuwa ya fusata. Babban da aka haɗa shi da ƙarami ya yi masa dukan kawo wuƙa, ya nuna ƙarfi, ya kuma nuna bai cancanci ƙarin girma ba. Tishin karawa shi ne a yi ta shiga da fita a kan tushen yatsu ba tare da bugu ba, sa'an nan a ce ɗaya ya kai hari kaɗai, ɗayan ya kauce ya rama kaɗai, a musanya. A yi ta haka minti ɗaya ko biyu, a huta, a koma, don numfashi ya saba.

Fasa Katako

Wannan shi ne abin da 'yan kallo suka fi so, sunansa "kyokpa". Katakon na wani itace ne mara tauri ainun, na manya kaurinsa bai wuce inci ɗaya ba, na yara bai kai haka ba, kuma yana tsagewa ne ta bin tsawon zarensa. Mutum ɗaya ko biyu su riƙe shi, hannuwa a miƙe ƙam, domin in sun ja da baya ƙarfin bugun ya salwanta. Ana koya wa ɗalibi ya auna bayan katakon, kamar abin da yake nufi yana can inci biyu ko uku a ciki. Wanda ya ji tsoro ya rage gudu daf da isa, katakon ba zai fashe ba, kuma shi zai fi jin zafi. Amfanin wannan kashi shi ne katako ba ya sanayya. In yatsu ba su tanƙwashe ba, ko wuyan hannu ya karkace, nan take zai faɗa. Muna gargaɗin yara kada kowa ya gwada wannan a gida ba malami.

Yadda Ake Shiri

Makarantu da yawa sukan yi jarrabawar masu launi bayan 'yan watanni, kuma a ƙasashe da dama ɗalibi yakan shekara uku ko huɗu kafin ya kai baƙar ɗamara. Ga misalin yadda malami zai raba awa ɗaya: minti 10 na ɗumama jiki, 15 na tsayuwa da hannu da shuri, 15 na pumse, 15 na karawa, 5 na miƙar jijiya. In saura mako biyu sai a daina ƙara sabon abu, a koma gyara. In saura mako ɗaya a yi jarrabawar gwaji, a kafa tebur, a zaunar da baƙo, a kira ɗalibi da sunansa shi kaɗai, don ya ɗanɗani faɗuwar gaba tun kafin ranar. Kwana biyu na ƙarshe a sassauta, a yi barci, a wanke tufafi, a yanke farce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A ce ga yara biyu sun shiga rana ɗaya. Na farko jikinsa kamar roba, tun makon farko ƙafarsa na kai kan malami, tishin layin alli kuwa yana gundurarsa. Na biyu ƙafarsa da ƙyar take wuce ƙugu, amma kullum in ya koma gida sai ya dafa bango ya yi ƙirga huɗun nan. A jarrabawar farko da ta biyu na farkon zai burge kowa. Amma tsarin nan kowane hawa a kan na ƙasa aka ɗora shi. Ranar da aka zo shurin juyi da na tsalle, waɗanda ke bukatar ƙafa ɗaya ta ɗauki jiki duka ba tangaɗi, sai ka ga na biyun ya wuce, na farkon kuwa tilas ya koma ya koyi abin da ya raina, ga ɗamara mai launi a ƙugunsa, ga kunya. Da yawa a nan suke barin wasan.

Amanar Mai Jarrabawa

Janar Choi ya jera halaye biyar waɗanda makarantu da yawa ke sa ɗalibai su hardace: ladabi, gaskiya, juriya, kamun kai, da zuciyar da ba ta karaya. Na biyun nan ya fi hawa kan malami. Yawancin makarantu suna karɓar kuɗin jarrabawa, iyaye kuma suna son su ga launi ya sake. Saboda haka a ƙasashe da dama ana kuka da malaman da ke ɗaura wa yaro ɗamarar da bai kai ba, don kada ya yi fushi ya tafi da kuɗinsa. Irin wannan malami ya cuci yaron, domin ranar da ya shiga fili da sa'ansa na gaskiya ɗamarar ba za ta tare masa shuri ba. Malamin ƙwarai ba ya gabatar da ɗalibi sai ya ga ya shirya, in kuwa ya faɗi sai ya gaya masa ainihin inda ya gaza, ya ba shi ranar sakewa.

Kada mai karatu ya zaci abin nan ya tsaya ga mutanen Asiya. Chika Chukwumerije na Nijeriya ya sami lambar tagulla a Olamfik na Beijing a 2008. Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar ya sami ta azurfa a Rio a 2016, wadda ita ce lambar Olamfik ta biyu a tarihin ƙasarsa, bayan ta ɗan dambe Issaka Daborg a 1972. A 2017 kuma ya je garin Muju, a cikin Koriya kanta, ya zama zakaran duniya na masu nauyi. Hanyar da ta kai su can ita ce wadda muka bayyana, daga farar ɗamara, hawa bayan hawa.

To, malamai, ga abin da muka gani a wannan tsari. Ɗalibi ya san tun ranar farko abin da za a tambaye shi. An gutsuttsura masa kowane darasi, an auna masa shi da abin da zai iya gani. Ana gwada shi shi kaɗai, kuma ana komawa darasin bara a tambaye shi bana. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar farin tufafi ko katako. Malamin aji ɗaya da akawun da aka ba shi sabon yaro ya koya masa aiki duk suna iya gwada su tun daga gobe, su kuma tuna, duk takardar shaidar da suka sa wa hannu, wani ne can gaba zai dogara da ita.